Yadda Kaset ɗin Bikin Talatu Ya Kusa Kore Ni Daga Jidda

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, dattawan ikilisiya, zumuntar mata, matasa, har da masu zama a bencin baya don su riga kowa fita.

Sunana Iliya, tsohon direba. Fasto ya ce in rubuta wannan shaida a takardar ikilisiya, wai don ta daɗe. Ni dai na san dalilinsa na gaskiya. Ran da aka ba ni makirufo a sujadar godiya, sai da shinkafar zumuntar mata ta huce. Ban yi fushi ba, na yafe masa. Ku dai yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu muka rabu da makaranta, kuma ba ni na fara neman rabuwar ba.

Shaidata a kan finafinai biyu ce, da bakina mai gardama, da yadda Ubangiji ya fizge ni daga ƙofar tarhil. Tarhil shi ne wurin da ake tsare baƙon da za a kora daga Saudiyya. Wanda ya shiga can, daga shi sai rigar jikinsa yake komawa gida, kuma ba ya sake dawowa.

Na yi shekaru masu yawa a Jidda ina tuƙa bas ɗin wani kamfanin gine-gine, in kai ma'aikata da safe, in kwaso su da yamma. Muna zaune a Bani Malik, a hawa na biyu na wani bene, ni da matata Saratu, wadda take wankin zannuwan gado a wani ƙaramin asibiti. 'Ya'yanmu suna gida wajen kakarsu suna karatu, kuma da guminmu na Jidda suke yinsa.

Ku lura da sunayenmu, Iliya da Saratu. Sunaye ne masu shiga ko'ina ba a ce musu daga ina. Maƙwabtanmu duk Hausawa ne, Musulmi, mutanen Nijar da na Cadi da waɗanda aka haifa a can. Ban taɓa ce musu ni Musulmi ne ba. Ban kuma taɓa ce musu ni Kirista ne ba. In an kira salla, sai ka ga ina ƙarƙashin bas ina duba abin da bai lalace ba. Hukuma ta san addinina, kuma wannan ba laifi ba ne ga baƙo. Laifin shi ne ka shigar da wa'azi gidan Musulmi. In aka kama ka da wannan, ba kai kaɗai za ka tafi ba, za a tambaye ka da su wa kake taruwa.

Muna kuwa taruwa. Kowace Juma'a, da yake ita ce ranar hutu, mukan haɗu a ɗakin ɗan'uwa Bulus a Bagdadiyya, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu zuwa gaida marar lafiya. Bulus mutumin Maraɗi ne, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Na kowa a Jidda yana gyarawa ya yi shiru, amma nasa ya bar shi yana ruri kamar tsohuwar tifa, don ya rufe muryoyinmu. Muna raira waƙa ƙasa-ƙasa. Tafi kuwa da yatsu biyu ake yi.

A wannan ɗaki muke da dukiya guda: kaset ɗin bidiyo na rayuwar Yesu, wanda aka juya da Hausa. Ni na shigo da shi da na dawo hutu. Don kada a tsare ni a filin jirgi, na sa wani mai ɗaukar hoto a gida ya naɗi rawar bikin 'yar ƙanena Talatu a farkon kaset ɗin, ba ɓangaren majami'a ba, rawar tsakar gida kawai, da kalangu da guɗa. Na rubuta a jiki da hannuna, Bikin Talatu. Wanda ya saka don bincike zai ga mata suna juyi, ya gaji, ya cire. Na daɗe ina yaba wa kaina wannan wayo. Na ma taɓa cewa da an bar ni na gama makaranta da yanzu ni ne gwamna.

Ana nan, lokacin da faifai ya fara korar kaset, Bulus ya zo da wani sabon fim. A Balad, tsohon gari mai kasuwa, ya samo shi, wajen masu sayar da kaya daga ƙarƙashin tebur. Shi ma na Yesu ne. Muka zauna muka kalla, kuma tun daga ranar zaman lafiya ya ƙare tsakanina da Bulus.

Bari in gaya muku bambancinsu, a matsayina na masani.

A nawa, Yesu Hausa yake yi, da murya mai sanyi kamar ta mai karanta labaran safe a rediyo. An faro tun daga haihuwarsa. Za ka ga yana koyarwa a bakin ruwa, yana taɓa makafi, yana raba gurasa da kifi, yara suna kewaye shi. Ka gama kallo zuciyarka wasai, har ka ji yunwa.

Na Bulus kuwa babu koyarwa sai 'yar kaɗan, babu kifi, babu gurasar kirki. Ranar ƙarshe kawai aka ɗauka. Wani harshe suke yi wanda ba kowa a ɗakin yake ji ba, wata kalma ta yi kamar Larabci, kafin ka kama ta ta gudu. An rubuta fassara a ƙasa da Turanci, tana gudun da aji huɗu ba zai iya bi ba. Sauran duk bulala ce da jini. Saratu ta kalli rabinsa ta cikin mayafi. Da aka gama na ce wa Bulus wannan ba fim ba ne, mayanka ce.

Bulus bai bar ni ba. Ya ce Yesun kaset ɗina kamar daga shagon aski aka fito da shi, gashi a kwance, riga ba ta taɓa ganin ƙura ba duk yawon Galili. Ya ce baki yana motsi gabas, Hausa tana fita yamma. Ya ce a kan gicciye ma jinin da aka nuna bai kai na wanda ya yanke da reza ba, to da me aka fanshe mu? Na ce masa ni ban zo sujada don in suma ba. Ya ce wanda bai ga tsadar abu ba ba zai riƙe shi da kyau ba. Na ce ai ba sai an kai ni gaban mahauci nake sanin daɗin miya ba. Mata suka bi bayana, samari suka bi Bulus. Akwai Juma'ar da muka manta da addu'ar rufewa.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai a fim ɗinsa ba jinin ba ne. Farkonsa ne, a lambun nan da Yesu ya yi addu'a kafin a kama shi. Sun nuna shi yana rawar jiki, gumi yana zuba, yana faɗuwa ƙasa yana roƙo. Na ce wa Bulus Yesuna ba ya rawar jiki. Ya ce in je in karanta, yana rubuce, kuma a kaset ɗina ma akwai wurin, sun dai wuce shi da sauri. Na ce a nawa ya durƙusa ne cikin natsuwa kamar dattijo. Mai Ceton da ke tsoro, in ji ni, wa zai ceta?

Don in kawo masa hujja ne na ɗauko kaset ɗin daga maɓoyarsa a ɗakin Bulus na kai gidana. Na kalla, na tara maganganun da zan kayar da shi da su ran Juma'a, na ɗora kaset ɗin a kan talabijin, na tafi aiki.

Yanzu sai in gaya muku abin da gwamna bai yi tunaninsa ba. A wurin Hausawan Jidda, kaset ɗin biki ba shi da mai shi. Mace ta yi shekaru ba ta ga gida ba, ba ta ji kalangu ba, ba ta san ɗinkin da ake yayi ba. In kaset ɗin biki ya iso unguwa, ko ba a san amarya ba, gida-gida yake bi har sai ya tsufa. Kina iya hana maƙwabciya aron tukunya a yafe miki. Ki hana ta kaset ɗin biki, kin yanke zumunci. Da na rubuta Gyaran Injin Bas a jikinsa, da har yau yana nan.

Ran Alhamis na dawo da rana tsaka na tarar da Saratu zaune a bakin gado, ba ta ko cire kayan aiki ba. Ta ce, "Baban Luka, Hajiya Hauwa ta ɗauki Bikin Talatu."

Hajiya Hauwa ita ce matar Alhaji Umar, bango ɗaya ya raba mu da su. Ta shigo kawo wa Saratu dambu, idonta ya faɗa kan kaset ɗin. Ta yi mata tsiya, wai ashe biki aka yi a gidansu ta ɓoye mata. Saratu ta ce ya lalace. Hajiya ta ce injinta sabo ne, babu abin da ba ya ci. Ta soke shi a cikin mayafi ta fita tana dariya, kuma ta riga ta aika wa matan bene da na layin baya su zo bayan la'asar a sha shayi a kalla tare.

Shi kuwa Alhaji Umar, haifaffen Jidda ne, kakanninsa da ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna. Sana'arsa bin takardun mutane a ofisoshin gwamnati, iƙama, wato takardar izinin zama, da biza da sauransu. Babu ƙofar da bai san mai tsaronta ba. Mutumin kirki ne, muna gaisawa, na sha rage masa hanya. Amma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

Na ce wa Saratu ta je ta zauna kusa da injin, da zarar rawa ta ƙare ta ce iyakarsa ke nan, ta zare. Ni ba ni da hanyar shiga. A can namiji ba ya ko tsayawa a ƙofar ɗakin da mata suka taru. Ta tafi.

Na kira Bulus a waya. Ya ce in sauka in kashe wutar benen gaba ɗaya. Na sauka. Na tarar da mai gadin benen ya ajiye kujerarsa daidai ƙarƙashin akwatin wutar, yana cin gurasa da wake. Ya ce bismilla. Na gutsura na sa a baki. Ya tambaye ni ko lafiya nake kallon bango. Na ce lafiya lau, fentin ne ya ba ni sha'awa. Na koma sama.

Na zauna a ƙasa na jingina da bangon da ya raba mu. Ina jin su suna shigowa, ana gaisuwa rabi Hausa rabi Larabci, kofuna suna ƙara. Sai kalangu ya tashi. Wata ta rangaɗa guɗa, aka fashe da dariya. Na san kaset ɗin nan kamar tafin hannuna. Na san inda makaɗin zai sauya kiɗa, na san inda gwaggon amarya za ta faɗi a yi ihu, na kuma san bayan faɗuwarta saura kaɗan.

Gwaggo ta faɗi. Suka yi ihu.

Kiɗa ya yanke. Na kasa kunne in ji ƙarar fitar kaset. Ban ji ba. Na ji muryar Saratu sama-sama, na ji ta Hajiya ta danne ta. Daga nan sai wannan murya mai sanyi da nake taƙama da ita ta ratso bango, tana ba da labari da Hausa tsantsa, kowace kalma a fili. Ɗakin ya yi tsit.

'Yan'uwa, da a ce na Bulus ne a cikin injin nan, da sun ɗauka fim ɗin yaƙin Turawa ne su kashe. Nawa ne, mai daɗin, wanda ko kurma zai gane.

Mukayyif yana aiki amma rigata ta jiƙe sharkaf. Gwiwoyina suna bugun juna. Na so in miƙe na kasa. Na ga fuskar 'ya'yana an koro su daga makaranta. Na ga kaina a wani ɗaki ana ce mini in faɗi sunaye, kuma na san kaina, ban san ko zan iya riƙe bakina ba. Na kife da fuskata a ƙasa. A nan ne abin da na raina ya dawo mini, mutumin nan a lambu, yana gumi, yana rawar jiki, ya san suna tafe. Ban tuna mai kwantaccen gashi ba. Wancan na tuna.

Ban yi addu'a mai tsari ba. Na ce, "Ubangiji, ashe kai ma ka san wannan. Ba na son tarhil, ba zan ɓoye maka ba. In da hanya, ka kawar mini da shi. In babu, ka riƙe bakina kada in ba da sunan kowa, kada kuma in yi musun naka."

Ba zan ce muku tsoro ya tafi ba. Bai tafi ba. Amma na iya tashi tsaye, na wanke fuska, na zauna a kujera kamar mutum.

Da Saratu ta dawo ta ba ni labari. Tana shiga aka ce ita ce uwar biki, aka kai ta can kan kujerar girma nesa da injin, aka ɗora mata jaririn wata a cinya, aka miƙa mata shayi. Da rawa ta ƙare ta ce iyakarsa ke nan, Hajiya ta ce a dakata, ai ba a ga kai amarya ba. Hoto ya yi rawa, sai ga duwatsu da jakuna da mutane cikin dogayen riguna. Wata tsohuwa ta tambaya ko gidan angon ne. Suka ci gaba da kallo ba wanda ya motsa, har aka ambaci sunan. Sai wata matashiya daga layin baya, matar wani mutum mai tsanani, ta miƙe ta nemi tsari ta fice. Hajiya ta kashe injin. Ba ta kalli Saratu ba. Ta ce kaset ɗin zai jira Alhaji.

Na gaya wa Bulus ya sanar da 'yan'uwa kada kowa ya zo gobe. Saratu ta haɗa mana 'yar jaka ta ajiye bayan ƙofa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Sai da safe, ran Juma'a. Na buɗe na ga Alhaji Umar cikin farar riga, yana ƙanshin turare, da leda baƙa a hannu. Bai amsa gaisuwata yadda ya saba ba. Ya ce, "Ya Iliya, ɗauko makullin bas. Yalla, mu tafi."

Saratu ta riƙe hannun rigata. Na cire hannunta a hankali na bi shi.

Bas mai ɗaukar ma'aikata cike, ga mu mu biyu kacal. Bai zauna kusa da ni ba, ya zauna a bayana, ledar a kan cinyarsa. Ina ganinsa ta madubi. Titunan Jidda ran Juma'a da safe wayam suke, babu cunkoson da zai jinkirta mutum, kuma ban taɓa kewar cunkoso irin ta ranar ba. Yana cewa dama in yi dama, hagu in yi hagu. Muka nufi wajen Bagdadiyya. Na ce a raina ko ya san ɗakin Bulus. Muka wuce kwanar. Ofisoshi duk a rufe, amma 'yan sanda ba su da Juma'a, kuma ga caji ofis can gaba da motoci a ƙofa. Ƙafata da kanta ta sauka kan birki.

Ya ce, "Na ce ka tsaya?"

Na wuce. Bai sake magana ba sai da muka iso bakin teku, wani wuri da babu kowa sai wasu masunta can nesa. Ya ce in kashe mota. Na kashe. Ban juyo ba, ta madubi muka yi maganar.

Ya ce ya kalli kaset ɗin shi kaɗai har ƙarshe, don ya san abin da ya shiga gidansa. Ya ce su ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma ba su yarda wani ɗan wasa ya ari fuskar annabi ba, wannan kuwa na sani. Ya ce wancan sabon fim ɗin mai jini, wani abokinsa a Balad ya taɓa nuna masa, ya kalli kaɗan ya tashi, bai dame shi ba, harshen wasu ne, wahalar wasu ce. Sai ya ɗaga ledar.

"Wannan kuwa da harshen kakata yake magana. Ni kaina Hausata ta karye, amma na ji kowace kalma. Ya shiga kunnen matata, ya shiga kunnen matan mutane, a ɗakina, da shayina. Wannan ya fi wancan haɗari sau nawa."

Ga shi an yanke hukunci nawa ya fi na Bulus ƙarfi, daga bakin wanda ba ya goyon kowa. Ban taɓa cin gardama na ji baƙin ciki irin na ranar ba.

Na fara ba shi haƙuri, ina cewa ba da niyya ba ne. Ya ɗaga hannu. Ya ce shekara da shekaru muna bango ɗaya bai taɓa tambayata ba, yau zai tambaya. "Kai Kirista ne?"

Sunana yana nan a shirye ya ɓoye ni kamar kullum. Ina iya cewa kaset ɗin na wani ne, an yi mini musanya a kasuwa. Ƙaryar har ta zo bakina, kuma mai kyau ce. Na ce, "I, Alhaji. Ni mai bin Yesu Almasihu ne, ni da matata."

Ya tambaya ko akwai wasu da muke kallo tare. Na ce ya yi mini rai, wannan ba zan amsa ba.

Sannan ya ce da na yi masa ƙarya da ya san abin da zai yi da ni, yanzu kuwa na ba shi aiki. Mijin matashiyar nan ya riga ya kira shi yana tambayar kaset ɗin wa, kuma za su haɗu a masallaci yau.

"Ba zan yi ƙarya a ɗakin Allah saboda kai ba. Ba zan kuma ba shi sunanka ba. Zan ce masa babu kaset, mai shi kuma zai bar unguwa, khalas, shi ke nan. Kai za ka sa maganata ta zama gaskiya."

Ya miƙo mini ledar ta kan kafaɗata, ya ce in sa ƙarƙashin taya.

Na sauka. Na ciro kaset ɗin, ga rubutuna a jiki. Wannan kaset ya riƙe mu shekaru, a gabansa wasu daga cikinmu suka yi kukan kewar gida. Na ajiye shi bayan tayar baya, na hau, na sa ribas. Ƙarar ba ta kai ta taka gwangwani ba. Alhaji ya sauka ya duba da idonsa, ya sa na tattara ɓaraguzan na zuba a kwandon shara. A hanyar dawowa ya ce in yi sauri kada in sa ya rasa sahun gaba.

Da na buɗe ƙofa na tarar da Saratu a durƙushe inda na bar ta. Ta ɗago ta gan ni ni kaɗai, babu ɗan sanda a bayana. Yabo ga Ubangiji!

Kafin wata ya mutu mun tashi daga Bani Malik, muka koma wani tsohon ɗaki a Balad, mai 'yar ƙaramar taga da matakala mai karya gwiwa. Ran da muke kwashe kaya Hajiya Hauwa ba ta fito ba. Amma mun tarar da kwano a rufe a bakin ƙofarmu, da ɗumi. Saratu ta ci tana hawaye, ta wanke kwanon, ta ajiye mata a ƙofa. Ba su sake haɗuwa ba. Alhaji Umar na hango shi daga baya a kasuwa, ya ɗaga mini hannu daga nesa, bai tsaya ba. Ban ga laifinsa ba. Ya ɗauki kayan da ba nasa ba, kuma har yau ina sa shi a addu'a, shi da gidansa.

Ba wanda ya zo nemanmu. Ba a taɓa ko mutum ɗaya a ɗakin Bulus ba. Na ci gaba da tuƙi har ƙarfina ya ƙare, 'ya'yana suka gama karatunsu, na dawo gida da ƙafafuna, da akwatuna, da sallama.

Game da finafinan, na je na sami Bulus na ce masa maganar lambun nan shi ke da gaskiya. Sauran maganganun kuwa ina nan a kan bakana. Yesu ba hoto ba ne, ba shi da gashin wannan ko jinin fentin wancan. Amma da bakina na ce ba na son Mai Ceton da ya san tsoro, kuma ran da na kife a ƙasa, shi kaɗai na iya yi wa magana.

Saboda haka, kai da ke karanta wannan, in akwai abin da kake jin takunsa yana tafe, asibiti ne ko kotu ko wata ƙofa da ba ka san abin da ke bayanta ba, kada ka jira sai jikinka ya daina rawa kafin ka yi addu'a. Ka yi ta a haka, da gumin, da rawar. Ya riga ka shiga wurin, ba zai yi maka dariya ba. Ni da na yi masa ma bai rama ba.

Ku taya ni da Saratu gode wa Ubangiji. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu har abada. Amin.